Hucin da Ke Ƙirjin Ƙanwata

A garinmu babu inda ba a nomawa. Daga bayan dangar gidanmu har bakin titin da ke tafiya Minjibir, gona ce take bin gona, gero da dawa da gyaɗa, iyakarsu layin gamba ne kawai ko na lalle. Mutum ya bar taku uku bai shuka ba, sai an tambaye shi ko lafiya. Wuri ɗaya tak na san fartanya ba ta taɓawa, gindin wata tsohuwar tsamiya da ke tsakanin gonar Baba da ta yayansa, Baffa. Inuwarta lumshi, ga tsuntsaye a duk bishiyoyin da ke kewaye, amma ita ban taɓa jin kukan tsuntsu a kanta ba. Dokar gidanmu ita ce yaro ba ya zuwa wurin daga hantsi ya ɗaga har a yi azahar. Ba a taɓa gaya mana dalili ba, an dai ce akwai masu wurin, mu kuma ba mu nemi ƙarin bayani ba.

A shekarar da zan ba da labarinta ina da shekara goma sha huɗu, ƙanwata tana da tara. Ita ce autar Inna, Auta muke ce mata har yau. Yarinya ce mai ɗan karen surutu, ga rawar kai, ga son kayana. Ni kuwa a lokacin in dai aiki ne na rana, to ina da dabarar da zan ɗora wa wani.

Bayan an gama sussukar gero sai ta tashi da ciwon makogwaro. Ko yawu ba ta iya haɗiyewa, jikinta zafi rau. Inna ta buɗe mata baki ta leƙa, ta ce hakin wuya ne ya faɗo. A wajenmu wannan ba maganar asibiti ba ce, aikin wanzami ne. Da safe ya zo da zabirarsa. Baba ya matse ta tsakanin gwiwoyinsa, wanzami ya danne mata harshe da ɗan itace, ya zura wani lanƙwasasshen ƙarfe, kafin ta gama ihu har ya nuna wa Inna ɗan tsokan a tafin hannunsa. Aka ba ta kunun kanwa mai ɗumi. Kwana huɗu ta warware ta koma tsokanata, kowa ya ce wanzamin nan hannunsa da kyau.

Sati uku bayan haka gwiwarta ta dama ta kumbura. Inna ta shafa mata man kaɗanya, gwiwa ta saki, sai idon sawu ya kama. Ya bar nan ya koma wuyan hannu, daga nan gwiwar hannu, yau nan gobe can. Inna ta ce sanyi ne, aka hana ta wanka da ruwan randa. Shi ma ya yi kwanakinsa ya tafi, muka manta da shi.

Ranar da ba na mantawa a farkon bazara ce. Tun da sassafe Inna ta ce in je in kaɗo tsamiyar kunu kafin rana ta yi. Na ce to, na zauna ina tsifar kaina ina hira har rana ta zo tsaka. Da na tuna, sai na miƙe zumbur, don Inna ba ta maimaita aike. Na ja Auta bayan rumbu na ce mata in ta je ta kaɗo, zan ba ta ɗankunnena mai jan dutse wanda ta daɗe tana naci. Ta dubi rana, ta dube ni. Na ce mata matsoraciya. Ta ɗauki gora da ƙwarya ta fita ta ƙofar baya. Can an jima ta dawo da tsamiya rabin ƙwarya, ta miƙo min hannu na sa mata ɗankunne. Ban tambaye ta komai ba, ita ma ba ta ce komai ba.

Ba a yi kwana goma ba ta fara sakin abubuwa. Ta saki ludayi, ta saki ƙwaryar fura, ta saki allonta. Inna ta ranƙwashe ta sau biyu a kan sakarci. Sai muka lura ba ita ce take yi ba. Hannunta ne yake fizgewa da kansa, kafaɗa ta ɗaga, yatsu su buɗe su rufe. Daga baya ƙafa ta shiga, fuska ma ta shiga. Tana zaune lafiya sai bakinta ya karkace kamar mai murmushin mugunta, idonta kuwa cike da tsoro. In an ce ta fito da harshe, sai ya fito ya koma, ya fito ya koma, ba ta iya tsayar da shi. Takan fashe da dariya ba dalili, kafin ka juya ta koma kuka. Rubutunta na allo, wanda Baffa yake nuna wa sauran yara don su yi koyi, ya zama kamar kaza ta bi ta kai.

Abin da ya fi tayar min da tsigar jiki shi ne riƙonta. In ta kama hannuna sai in ji yatsunta suna matsawa suna saki, suna matsawa suna saki, kamar mai tatsar saniya. Nakan ce, "Auta, ki bari mana." Sai ta ce, da muryarta da ta fara sarƙewa, "Yaya, wallahi ba ni ba ce." Kuma da zarar barci ya ɗauke ta, komai sai ya tsaya cak. Ta kwanta lumui, yarinyarmu ta dā. Tana buɗe ido abin ya dawo, kamar dama jira yake.

Babu wanda ya kawo zancen makogwaro ko na gwiwa. Wa zai haɗa su? Wata uku ne tsakani. Gari duka ya ce gamo ta yi. Inna ta zaunar da ita ta yi tambayar duniya, ina ta je, me ta taka, me ta gani, ko ta zubar da ruwan zafi ba bisimilla. Auta ta yi ta kallon ƙasa, kafaɗarta na tsalle. Ina tsaye a bakin ƙofa, ɗankunnena na rawa a kunnenta. Na jira ta ambaci tsamiya, ba ta ambata ba.

Baffa malamin allo ne, mutum mai sanyin hali, kuma yana ji da Auta fiye da 'ya'yan cikinsa. Shi ya karɓi aikin. Kullum bayan la'asar zai zo ya yi mata karatu a kunne, ya ba ta rubutu ta sha. Karatun ba ya damunta, har lafawa take yi. Hayaƙin ne ta tsana. Matan unguwa kowa da abin da za ta kawo, tazargade, saiwoyi, wasu ƙulle-ƙullen da ban san sunansu ba. A zuba a kasko, a lulluɓe ta da zane, ta yi ta tari tana shure-shure, mata suna cewa ga shi nan, ya ji wuta. In an buɗe ta, idonta ja wur, sai ta neme ni da ido. Ni kuwa sai in tsiri wanke-wanke.

Da damina ta kankama, gero ya fara fitar da kai, sai abin ya soma raguwa. Ya bar fuska, ya bar ƙafa, a ƙarshe ya bar hannu. Wata safiya ta ɗauki allura ta zura zare da kanta, Inna ta rangaɗa guɗa. Baba ya yanka ɗan akuya, aka yi waina aka raba sadaka. Kowa ya ce ya fita.

Ni kaɗai na san bai fita ba. Bayan azahar mukan ɗan kwanta a rumfar Inna, tabarma ɗaya ni da ita. Wata rana ta yi barci, na jingina kaina a ƙirjinta, sai na ji wani abu. Zuciyarta na bugawa kamar ta kowa, amma bayan kowane bugu akwai wani huci, fuu, fuu, a hankali, kamar wani na hura wuta a can ciki. Na ɗaga kai. Bakinta a rufe, numfashinta daban. Na mayar da kunne, yana nan. Rana tsaka ce, kaji na tono a tsakar gida, Inna na tankaɗe, amma sanyi ya ratsa ni har tafin ƙafa. Na ce a raina, ashe barin hannu ya yi ya koma ciki ya zauna.

Ban faɗa wa kowa ba. In na faɗa, za a dawo da kasko da zane, kuma wannan karon sai an tono inda ta je da wanda ya aike ta. Tsoro ne ya rufe min baki, da kunya, ba na ɓoyewa. Amma na kasa daina saurare. Duk ranar da muka kwanta sai na jira ta yi barci, in sa kunne, ina fatan in ji ya tafi. Bai taɓa tafiya ba.

Shekaru suka yi ta wucewa. Na tafi makarantar kwana, ita tana gida tana ta jeka-ka-dawo, tana ɗinkin hula. Makogwaron yakan dawo mata kusan duk shekara, a ba ta citta da zuma ya wuce. Sai dai duk hutun da na dawo sai in tarar ta rage wani abu. Ta daina gudu. Ta daina ɗauko ruwa daga rijiyar masallaci. In muna daka, kafin a kai rabi ta jingine taɓarya ta dafa turmi tana haki. Inna ta ce shagwaɓar auta ce. Ni ma da bakina na sha ce mata raguwa, alhali na san abin da na sani.

Ina da shekara ashirin da biyu ina makarantar koyon aikin lafiya a birni, ɓangaren gwaje-gwaje. Mai koya mana darasin ƙwayoyin cuta wata gajeriyar mata ce mai faɗan tsiya, ba ta yarda a yi ko tari in tana magana. Ran nan ta zana 'yan ƙwallaye a jere a allo kamar 'ya'yan carbi, ta ce wannan ce bakteriyar da ke kawo wani irin ciwon makogwaro ga yara. Sai ta yi wa kowace gashi-gashi a baya. Ta ce gashin nan furotin ne, shi ne rigarta, kuma shi jiki yake fara taɓawa.

Ta ce in ƙwayar ta shiga, jiki yakan ƙera wani abu da ake kira antibodi. Ta zana shi, sai ga gwafa, irin wadda muke tokare rumfa da ita, rassa biyu da ƙota ɗaya. Bakin rassan an ƙera shi daidai da surar wani ɗan sashe na gashin nan, in suka haɗu sai su kama gam. Ƙotar kuma ta tsaya a waje, fararen ƙwayoyin jini su gan ta, su zo su cinye abin da aka kama. Ta ce ƙwayar ma ba wawiya ba ce, wani gashin nata yakan cafke gwafar ta wajen ƙota, ya juya ta baibai, sai fararen ƙwayoyin su zo su wuce ba su ga abin kamawa ba. Don mu gani da ido, ta ɗiga ruwan bakteriya a kan ɗan gilashi, ta ɗiga ruwan antibodin da ya dace da ita, ta riƙa karkata gilashin a hankali. Ruwan da yake sumul kamar madara sai ya tsinke ya yi gudaji-gudaji. Ta ce, "Kun ga sun kama juna ke nan."

Sai ta ajiye gilashin ta ce saura mummunan labarin. Gwafar nan ba ta da ido, ba ta san abokin gaba ba, sura kawai ta sani. Kuma wani sashe na gashin ƙwayar nan ya yi kama da naman jikin mutum, na gaɓoɓi, da na ƙofofin da ke cikin zuciya, da na wani wuri a ƙwaƙwalwa mai kula da motsi. A jikin wasu yaran, ba duka ba, bayan makogwaro ya warke, ƙwayar ta tafi, gwafar takan ci gaba da neman surar da aka ƙera ta dominta, sai ta same ta a cikin gida.

"Za ku ga ciwon gaɓoɓi mai yawo," in ji ta. "Wani yaron bayan watanni ya fara motsi ba da sonsa ba. Ya riƙe hannunki ki ji kamar yana tatsa. Ya yi barci abin ya tsaya." Wani ɗan ajinmu ya ce, "Malama, a ƙauyenmu ai aljanu ake cewa." Aji ya kwashe da dariya. Ta buga tebur ta ce, "Ba abin dariya ba ne. Motsin yakan tafi da kansa, shi ya sa kowa ke sakin jiki. Zuciya ce ba ta komawa yadda take. Duk dawowar makogwaron jiki ya ƙara ƙera gwafa, ƙofar zuciya ta ƙara tabo, har ta daina rufuwa, jini ya riƙa komawa baya yana huci. Allura ɗaya duk sati huɗu ita ke tare wannan, in an fara da wuri."

Ban san lokacin da biro ya faɗi daga hannuna ba. Shekara takwas ina tsoron baƙon da ya shiga jikin ƙanwata, ashe babu baƙo. Jininta ne, abin da aka halitta don ya tsare ta, yake cin ta a hankali, kuma a ganinsa aikinsa yake yi. Wallahi wannan ya fi tsamiyar ba ni tsoro.

Ranar Juma'a na hau motar gida. Na sami Baba a zaure tare da Baffa, na durƙusa na ce ina so in kai Auta asibiti a birni. Baba ya ce, "Me ya same ta? Yarinya tana cin tuwonta." Na yi bayani, na rikice, gwafa ta shiga zuciya, makogwaro ya shiga tsamiya, har na faɗi aiken da na yi mata da rana tsaka, ina kuka kamar ƙaramar yarinya. Baba ya buɗe baki zai yi faɗa, Baffa ya ɗaga masa hannu. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "Ni abin da na sani shi na yi mata. In Allah ya sanar da ke wani abu, ki kai ta. Gobe ma ba jibi ba."

Likitan wani dattijo ne mai furfura a gemu. Ya ɗora abin sauraron ƙirji a ƙasan nononta na hagu, ya daɗe yana saurare. Da ya ji ni ɗaliba ce, sai ya cire ya sa min a kunne ya ce, "Saurara, 'yata, ki koya." Ban buƙaci koyo ba. Shi ne, fuu, fuu, sai dai ya ƙara ƙarfi, ya yi kauri. Ya tambayi ko an san tun yaushe. Na ce shekara takwas. Ya dube ni ta saman tabarau, irin kallon da gara a ce zagina ya yi.

Aka yi mata hoton zuciya. Ya ce ƙofa ɗaya ta yi tabo sosai, tabo kuwa ba ya gogewa. Allura za ta hana ƙari, magungunan sha za su rage hakin, wataƙila wata rana sai an yi aiki. In ta yi aure, maganar ciki sai an zauna da likita tukuna. Auta tana jinsa tana wasa da bakin mayafinta. A ranar aka yi mata allurar farko, fara ce mai kauri, mai zafin gaske, ta fito tana ɗingishi tana ce min muguwa.

A motar komawa muna kujerar baya. Mun bar gari, gonaki sun fara, sai na ce mata ta yafe min. Na ce na san yanzu ba tsamiyar ba ce, amma aiken da na yi mata shi ya rufe min baki, na ji hucin nan tun tana 'yar shekara tara na yi shiru.

Ta ce, "Na sani ai. Kina tsammanin barci nake yi? Kanki da nauyi kamar dutsen niƙa."

Ta ce ita ma tana jin sa, in ta kwanta ta gefen hagu har cikin kunnenta yake zuwa. Na ce to me ya hana ta faɗa?

"Hayaƙin nan, Yaya," ta ce. "Da a sake lulluɓe ni, gara ya yi ta hucinsa." Ta juya ta kalli taga, sannan ta ce, "Kuma ni ban je tsamiyar ba."

Na ce, "Me kika ce?"

"Ban je ba. Ina hango ta ƙafata ta ƙi tafiya. Gidan Baffa na zaga, na ɗebo a buhun matarsa. Tsoron kada ki karɓe ɗankunnenki ne ya sa ban gaya miki ba, daga baya kuma na ga in na yi magana ke za a daka." Ta yi 'yar dariya, dariyar ta koma haki, ta dafa kujerar gaba har ya lafa. "Ɗankunne dai na ci banza."

Yanzu shekara shida ke nan ni nake yi mata allurar. Duk sati huɗu ina hawa motar gida da allurar a jaka, ko ana ruwa ko ana rana. Yaran gidanmu kuwa duk wanda ya ce makogwaro, asibiti ake kai shi, Inna da kanta take saɓa shi. Tsamiya tana nan, har yau ba a noma gindinta.

Auta ba ta iya daka, ba ta iya tafiya mai nisa, da matashi uku take kwana. In na gama allurar takan kwanta a rumfar Inna har zafin ya sake ta, ni kuma in zauna a gefen tabarma. Wani lokaci sai ta kamo hannuna ta ɗora a ƙirjinta. Yanzu ba sai na sa kunne ba, a tafin hannuna nake jin sa.